Mun Bari Sai an Tashi Wasa

Idan ka tambayi ɗan Masar abin da ya faru a watan Fabrairun 2006, zai ce maka mun ci kofin Afirka a gida. Zai faɗa maka wanda ya buga fenaretin farko, da wanda ya ɓarar da tasa, har da ɓangaren da gola ya faɗi. Sai ka matsa masa, ka ce babu wani abu kuma, sannan zai sosa ƙeya ya ce af, akwai wancan jirgin ruwan da ya nutse da mutum kusan dubu. Ba zagin kowa nake ba. Ni ma ɗan Masar ne, kuma a talabijin ɗina ƙauyenmu ya kalli wannan kofi.

Sunana Hifni. Shagon shayi gare ni a Naga Madkur, cikin gonakin rake, tafiyar rabin awa daga birnin Ƙena idan direba na son ransa. Kujera ashirin da biyu, benci uku, tukunyar shisha shida, da talabijin da na ɗora can sama kusa da silin don kada masana ƙwallo su riƙa dangwala wa 'yan wasa yatsa mai maiƙo. Kusan kowane gida na da tasa, amma namiji ba ya kallon ƙwallo a gida, saboda a gida babu wanda zai yi musu da shi.

Daga ƙauyenmu mutum ɗaya ne a cikin jirgin: Atiyya ɗan Alhaji Hammam, namiji tilo a tsakiyar mata biyar. Shekara uku yana ɗora bulo a Saudiyya. Ya taso gida da bargo da fanka da injin markaɗe kamar kowa, ya shiga jirgi ranar Alhamis da yamma, ya aiko cewa za a gan shi Juma'a kafin a sauko daga masallaci. Juma'ar ta zo, rediyo ya fara magana a kan wuta da iska da ƙaddara. Ɗan baffansa Rifa'i ya hau mota ya tafi bakin Bahar Maliya, ya shiga cikin dubban da ke tsaye a ƙofar tashar jiragen ruwa, waɗanda aka tausaya musu ƙwarai har aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma.

A ranar muke da wasa da Kwango. Na ɗauko mayafin matata na lulluɓe talabijin, kamar yadda ubana ke juya rediyonsa ya kalli bango idan an yi rashi a gari. Maza suka zauna suna kurɓar shayi, suna jan tasbaha, suna kallon mayafi. Daga ƙauyen da ke tsallaken magudanar ruwa, su da ba su rasa kowa ba, muka jiyo ihu har sau huɗu. Duk ihu ɗaya sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ban taɓa ganin tsoron Allah irin na wannan yammacin a shagona ba.

Washegari aka je jera benci a ƙofar gidan Alhaji Hammam don zaman makoki, ya fito ya ce a kwashe.

"Na ga gawa? Kun ga gawa? Ba na karɓar gaisuwar ɗan da ban sa hannu na binne ba."

Ba wai cewa yake yaron na raye ba. Na ga idonsa, ya riga ya sallama. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: a ba shi ɗansa, ya yi masa wanka, ya sa shi a likkafani, ya kwantar da shi kusa da kakansa. Tsoho ne mai shekara saba'in da ɗoriya, manomin rake, wanda bai taɓa taka shagona ba, domin a ganinsa wurin zaman marasa aikin yi ne. Yana da gaskiya, amma a kansu nake ci.

Ranar Litinin bayan la'asar Ustazu Fikri ya shigo. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare, mutumin da bai taɓa son abu ya rasa hujjar da zai ɗora shi a kai ba. Ya tsaya a ƙarƙashin talabijin yana kallon mayafin da ɓacin rai.

"Hifni, wa ya ba ka izinin kashe Atiyya?"

"Ni, Ustazu?"

"Kai mana. Wannan mayafin me yake faɗa? Cewa yake an yi mutuwa. Uban yaro ya ƙi karɓar gaisuwa, hukuma ta ce ɓacewa ya yi, kai kuma mai dafa shayi ka yanke hukunci ka lulluɓe. Idan Alhaji ya wuce ta nan ya gani, yaya zai ji a ransa?"

Umda Bakhit, mai garinmu, ya cire bakin shisha daga bakinsa ya ce, "Wallahi Ustazu ya yi magana. Ni ma abin nan ya tsaya min a rai tun Juma'a."

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne gobe Talata muna da Sanagal, kuma wasan kusa da na ƙarshe ne.

Sai aka ga bai dace a bar tsoho shi kaɗai da baƙin ciki ba. Mutum goma muka tashi mu je mu ƙarfafa masa gwiwa. Muka same shi a zaure zaune a kan tabarma, bayansa a ranƙwashe. Zaglul direba, mai Fijo ɗaya tak da ke jigila tsakaninmu da Ƙena, ya ce da kunnensa ya ji a tasha cewa masunta sun tsamo wani bayan kwana uku yana riƙe da ƙyauren ƙofa. Ustazu Fikri ya zana taswira da yatsa a ƙasa, ya nuna cewa igiyar ruwan can wajen Saudiyya take tura abu, ba wajenmu ba. Umda ya ce asibitocin can ba sa sakin mutumin da takardunsa suka jiƙe, sai an yi wata ana bincike. Ni ma ban bari an bar ni a baya ba, na ce tun yana yaro babu mai kamo Atiyya a iyo a magudanar ruwa.

Ina kallo bayan tsohon nan ya riƙa miƙewa kaɗan-kaɗan. Ya kira a kawo shayi. Ya leƙa ciki ya ce da matarsa, Ummu Atiyya, ta daina kukan nan haka, ga mutane masu ilimi sun ce akwai sauran magana. Mun same shi da mataccen ɗa, muka bar shi da rayayye. A bakin ƙofa Umda ya yi gyaran murya ya ce, ga shi kuwa a talabijin ake karanto sunayen waɗanda suka tsira, amma Hifni ya lulluɓe tasa saboda kunya.

"Ku kunna," in ji Alhaji Hammam. "Ku kunna, wataƙila a nuno shi."

Ranar Talata muka kalli Sanagal da murya ƙasa-ƙasa, saboda mu mutane ne masu tarbiyya. Da ƙwallo ta biyu ta shiga ana dab da tashi, Zaglul ya karya min kujera. Sunayen waɗanda suka tsira kuwa, mun duba su a hutun rabin lokaci, babu Atiyya a ciki.

Juma'a ita ce ranar wasan ƙarshe, mu da ƙasar Kodebuwa, ƙarfe shida na yamma. Tun da hantsi na aro kujeru daga zauren Umda, na yayyafa wa ƙofar shago ruwa, na ƙaro gawayi. Wajen ƙarfe huɗu ina goge kofuna wayata ta yi ƙara. Rifa'i ne. Kwana bakwai yana yawo daga asibiti zuwa asibiti yana ɗaga mayafai, muryarsa ta dushe har da ƙyar na gane shi.

"Baffa Hifni, na same shi."

Na ajiye kofin. Na ce, "A raye?" Na san amsar, amma mun faɗi ƙaryar nan sau da yawa har ta fara kama ni.

"A ɗakin ajiye gawa. Fuskar ba ta ganuwa, ruwa ya gama da ita. Amma hannun hagu, ƙaramin yatsan da adda ta cire a gonar rake, ina wurin ranar da abin ya faru. Da tabon ƙuna a ƙwauri. Shi ne, Baffa." Ya yi tari, ya ci gaba. "Sun ce ɗan baffa ba ya karɓar gawa, sai uba ko wanda suke ciki ɗaya. Wurin ya cika, wari ya fara. Gobe da asuba za su kwashe duk wanda ba a karɓa ba su binne su tare. Ka tara dattawa ku je wa Baffa Hammam yanzu, ku sa shi a mota. Ni ba zan faɗa masa a waya ba, ka san ba a yi."

Na san ba a yi. A wurinmu labarin mutuwa ba ya shiga gida ta waya, kuma yaro ba ya kai shi. Dattawa ne ke kai shi, aƙalla uku, da ƙafa, cikin jallabiya wankakkiya, hannu a baya, suna tafe a jere, ta yadda tun kafin su yi sallama mai gida zai fara shirya zuciyarsa. Al'ada ce mai kyau. An yi ta ne don a sauƙaƙa wa wanda aka yi wa rashi.

Na jawo Umda da Ustazu Fikri bayan shago, wurin buhunan gawayi, na faɗa musu. Dukkanmu muka yi salati, kuma na rantse na ga ƙwalla a idon Umda. Sannan Ustazu ya zaro biro daga aljihu, ya juya kwalin sigari.

"Mu yi tunani da kai, ba da zuciya ba. Yanzu huɗu da kwata. Idan muka je yanzu, minti biyar mata sun sa kuka, gari ya shiga makoki, kowa ya lulluɓe. Me Atiyya ya ƙaru da shi? Ba komai. Wasa shida ne, a tashi takwas saura kwata. Takwas mu je gidan. Takwas da rabi Alhaji na cikin mota. Awa uku zuwa bakin teku. Kafin sha biyu yana can, asuba kuwa sai biyar da wani abu. Akwai rarar awa biyar." Ya ja layi biyu a ƙarƙashin biyar ɗin.

Umda ya ce, "Kuma Zaglul ko bindiga ka ɗora masa ba zai tayar da mota kafin wasa ba."

Na ce, "Gawa ce fa." Sau ɗaya na faɗa, a hankali, daidai yadda zan iya gaya wa kaina daga baya cewa ai na faɗa.

"Shi ya sa ba ta sauri," in ji Ustazu. "Mu bar tsoho ya ƙara awa uku da ɗansa a raye. Wannan ma sadaka ce."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan hujja. Ina son ganin wasan. Ina son sa fiye da yadda nake jin kunya, kuma wannan ita ce gaskiyar maganar, sauran duk biron Ustazu ne.

Shida saura minti goma shago ya cika har titi. Sai na ga mutanen bakin ƙofa suna darewa. Alhaji Hammam ne, da sandarsa, da rawani sabon naɗi. Na ɗauka wani ya riga mu kai masa labari. Amma fuskarsa a sake take. Aka tashi aka ba shi kujerar gaba, tsakanin Umda da Ustazu, waɗanda suka matsa masa wuri da saurin da ban taɓa ganin sun yi wa kowa ba.

"Maraba, Abu Atiyya, yau kai ne a shagonmu?" in ji Umda.

"Na yi tunani ne," in ji tsohon. "Duk inda yaron nan yake, asibiti ne ko gidan masunta, wannan abin yake kallo yanzu. Kun san shi da ƙwallo. Sai na ce bari in zo mu kalli abu ɗaya ni da shi." Ya ɗaga kai ya dubi talabijin. "To, waɗanne ne namu?"

Na kawo masa shayi. Aka fara wasa. Ya tambayi me ya sa mai tsaron gida kaɗai aka yarje wa taɓawa da hannu, ya tambayi ko wancan mai usur ɗin Musulmi ne. Matasa suna ba shi amsa suna dariya, suna cewa Alhaji ka zo mana da sa'a. Wayata ta yi ta motsi a aljihu. Na shiga ciki na ɗauka sau ɗaya, na ce wa Rifa'i muna shiri, ana neman mota. Ya ce, "Wane ihu nake ji haka?" Na ce layin ne ba kyau. Na sa wayar a cikin gwangwanin sukari na rufe.

Aka yi minti casa'in babu ci. Lissafin Ustazu bai san da ƙarin lokaci ba. Na ga ya zaro kwalin sigarin a ɓoye ya soke biyar ya rubuta huɗu da rabi. A ƙarin lokacin aka ba mu fenareti, ƙwallo ta daki turke ta dawo, Umda ya dafe ƙirji aka yi masa fifita. Aka tafi bugun fenareti, huɗu da rabi ta koma huɗu. Lokacin da ta ƙarshe ta shiga raga, ban san inda na jefa tiren da ke hannuna ba. Na rungume Zaglul, mutumin da ba ma ga maciji da shi. Na yi kuka. Na mance da Atiyya gaba ɗaya na tsawon wajen minti goma, kuma minti goman nan suna cikin mafi daɗin da na taɓa yi a rayuwata. Wannan ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Da na dawo hayyacina, matasa sun ɗaga Alhaji Hammam da kujerarsa, sun yafa masa tuta, suna zagaya shago da shi. Yana dariya, yana riƙe rawaninsa da hannu ɗaya, yana cewa ku sauke ni, 'ya'yan banza. Na kutsa na kamo hannun Umda na ce lokaci ya yi.

"Yanzu? Dubi fuskarsa, Hifni. Kai ba ka da imani ne?"

Na fita neman Zaglul. Fijo ta riga ta kama hanyar Ƙena da mutum goma sha huɗu, uku a kan rufi, tana ta hon. Duk abin da ke da taya a Naga Madkur ya bi bayanta, har da tarakta mai jan rake. Na dawo na faɗa musu. Ustazu ya duba kwalinsa, ya ga babu sauran wurin rubutu, sai ya jefar.

Umda ya dafa kafaɗata. "Kwantar da hankalinka. Sun ce da asuba ko? Asubar gwamnati ce. Yaushe ka taɓa ganin asubar gwamnati ta zo kafin azahar? Ni da na yi shekara tara ina jiran su zo gobe su gyara gada. Gobe Asabar, ga an ci kofi, wa zai fito aiki? Mu yi sallar asuba, mu je gidan a natse, Zaglul ya dawo, sha ɗaya Alhaji na can. Za ka ga ko mai riƙe makullin bai iso ba."

Duk wanda ya taɓa bin layi a ofis a ƙasar nan ya san Umda bai faɗi ƙarya ba. Na yarda da shi da zuciya ɗaya, na je na kwanta.

Da safe muka haɗu a ƙofar shago, mu uku, kowa da jallabiya wankakkiya. Umda ya ce mu ɗan sha shayi tukun, ba a kai irin wannan labari da ciki wayam. Bakwai da minti goma, muna gyara tsayuwa mun sa hannu a baya, na tuna da wayata. Na buɗe gwangwanin sukari, tana cikin ƙara.

"Sun tafi da su," in ji Rifa'i. Ba ihu ya yi ba. "Biyar da rabi motar ta zo. Na kwanta a gabanta, suka janye ni. Na bi su har maƙabartar. Rami ɗaya ne dogo, Baffa Hifni, mutum talatin da wani abu. Ina kuke?"

Tun da aka haife ni, ranar ce kaɗai na ji an ce asuba kuma aka zo da asuba.

Muka tsaya cirko-cirko cikin fararen kayanmu. Ustazu Fikri ne ya fara magana. Ya ce mu yi tunani da kai. Ya ce a ƙasar rake, namiji nawa ne ke da yatsu goma cif? Shi kansa ya san mutum shida a ƙauyen nan da adda ta rage wa. Tabon ƙuna kuwa, duk wanda ya taɓa hawa babur yana da shi a ƙwauri. Yaro ne ya yi kwana bakwai ba barci, ya ga abin da yake son gani. Za mu je mu kashe wa tsoho ɗa a kan yatsa ɗaya? Umda ya ce wallahi shi ma abin ya tsaya masa a rai tun jiya. Kowa ya koma gida ya cire jallabiya.

A makon nan da an tashi tsaye, da an bi ofis-ofis da takarda da roƙo, wataƙila da an tono shi. Amma kafin a yi haka sai an fara gaya wa Alhaji Hammam abin da ya sa aka makara. Rifa'i ya dawo bayan kwana biyu, Umda ya tare shi tun a bakin gada, ya tambaye shi ko yana so ya zama mutumin da ya ga ɗan baffansa ya bari aka jefa shi a rami. Rifa'i ya zo ƙofar shagona ya tofa yawu, bai shigo ba. Bayan wata ɗaya ya tafi Libiya neman aiki.

Alhaji Hammam kuwa ya zama ɗan gari a shagon. Duk wasan ƙasa yana kujerar gaba, kuma babu mai yarda wani ya zauna a kanta, domin an tabbatar cewa ita ke kawo sa'a. A 2008 muka sake cin kofi, aka ce kun gani. Idan ya makara, tura mota ake a ɗauko shi, Fijo ɗin nan dai ta Zaglul. Takarda ta zo daga hukuma cewa an sa Atiyya cikin matattu, ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin katifa, bai jera benci ba. Ummu Atiyya ta ci gaba da gasa burodi da rara duk Juma'a. Ni kuma na koyi kai masa shayi ba tare da na kalli idonsa ba, abin ba wuya idan ka saba.

A 2010 muka ci na uku a jere. Washegari da hantsi ina share ɓawon gyaɗa da guntun sigari, babu kowa a shago, sai ga shi ya shigo yana dogara sanda. Ya rame sosai a shekarar. Bai zauna a kujerar gaba ba, ya zauna a benci kusa da ƙofa.

"Hifni, na gaji da ƙwallon nan. Har yau ban gane ta ba."

Na yi dariya, na ce ai kai ne gwarzonmu, Alhaji.

"Yaushe za ku zo?"

"Ina, Alhaji?"

"Gidana." Ya ɗora haɓarsa a kan sandar. "Rifa'i ya faɗa min kafin ya tafi Libiya. Ya sumbaci hannuna ya faɗa min duka, da wayar da ya yi maka ƙarfe huɗu, da asuba. Amma maganar yaro ba labari ba ce. Ni kuma ba zan shiga gidana da kaina in gaya wa uwarsa ba, mutum ba ya kai wa gidansa mutuwar ɗansa, kawo masa ake yi. Na ce bari in riƙa zuwa ina zama a gabanku, ko ganina zai tuna muku. Na ce idan sun ƙoshi za su zo. Kofi uku ke nan, Hifni. Likita ya ce ba zan ga na huɗu ba, kuma ba na so in bar ta tana gasa burodi."

Tsintsiyar na hannuna. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga sandar nan ya sauke min a ka. Sai ya tashi kawai, ya ce yana gida bayan azahar.

Na je wurin Umda. Ya ce ƙafarsa ta kumbura, kuma tone-tone bayan shekara huɗu ba alheri ba ne ga kowa, shi ma tsohon tsufa ne ke sa shi magana. Na je wurin Ustazu Fikri. Ya ce a ƙa'ida har yanzu babu tabbas, kuma yana da takardun jarrabawa ɗari da ashirin da zai duba. Na tsaya a ƙofar Zaglul, na ji yana ce wa matarsa ta ce ba ya nan.

Na koma gida na sa jallabiya wankakkiya. Matata ta dube ni ta tambayi wa ya mutu, na ce Atiyya. Na bi titin ƙauye ni kaɗai, hannu a baya, jeren mutum ɗaya, ga tutocin jiya har yanzu a rataye a kan igiyoyi. Mutane suna ganina suna leƙen bayana su ga ina sauran biyun.

Alhaji Hammam na tsaye a bakin zaure. Shi ma ya leƙa bayana. Ya matsa ya ba ni hanya, ya biyo ni har tsakar gida.

Ummu Atiyya na zaune gaban tanda, hannunta duk ƙullu. Ta ɗago ta ga kayana, ta ga inda hannuna yake. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Gwaggo, Allah ya ba ki haƙuri. Atiyya ya riga mu gidan gaskiya."

Na sunkuyar da kai ina jiran kukan da zai tashi ƙauye. Bai zo ba. Ta goge hannunta a jikin zani, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"A ruwan?"

"A ruwan, Gwaggo."

"An same shi?"

"An same shi. Bayan kwana bakwai."

"An binne shi?"

"An binne shi."

Ta gyaɗa kai, ta dubi wutar tanda. Sannan ta juyo ta dube ni sosai.

"Wa ya yi masa wanka?"

Na waiwaya wajen Alhaji Hammam. Yana tsaye a bayana, ya jingina da sandarsa, yana jira kamar yadda take jira.

"Ban sani ba, Gwaggo," na ce. "Muna kallon ƙwallo."